Titin Da Aka Kankare Aka Bari: Halin Mutanen Bakin Hanya a Ƙasar Kankiya da Kusada

Duk mutumin Dudunni da ya yi sammako ya ɗaura buhun gero ko na wake a bayan babur da niyyar kai shi kasuwa, ko kuwa ya ɗauko majinyaci zai nufi babban asibitin Kankiya, ya sani cewa tafiyarsa kashi biyu ce, domin akwai 'yar hanyar da za ta fitar da shi daga ƙauye, akwai kuma babban titin nan da ya taso daga Kano, ya ratsa Bici da Tsanyawa, ya shigo ƙasar Katsina ta wajen Yashe, ya keta Kankiya da Caranci kafin ya sauka birnin Dikko, wato Katsina. Wannan titi, ko da yake a takardun hukuma hanya ce ta Gwamnatin Tarayya wadda ta haɗa manyan birane biyu, ga mutanen garuruwan da ya ratsa shi ne tsakar gari, shi ne kasuwar kullum, a bakinsa tasha take, a bakinsa mai shayi da mai tsire da mai ƙosai da mai faci da mai tireda suke neman abin kai wa iyali. Saboda haka idan aka taɓa shi, ba matafiyi kaɗai aka taɓa ba. An taɓa tukunyar gidaje masu yawa.

Hanya ce mai asali. Tun kafin a san mota a ƙasar Hausa fatake suke bin wannan yanki da jakuna da takarkarai da raƙuma, suna kai da komo tsakanin Katsina da Kano, har ma Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Kusada da Kafarda a farkon shekarar 1851, ya kuwa yaba albarkar ƙasar da yawan itatuwanta da dabbobinta. Kafin zuwansa da shekaru, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje wata risala mai suna Usulus Siyasa, a cikinta ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji a cikin wajiban mai mulki. Ina ambaton wannan ne domin mai karatu ya gane cewa idan talakan Kusada ya tambayi lafiyar hanyarsa, ba wata baƙuwar al'ada ya aro ba, kuma ba rashin ladabi ya yi wa shugabanni ba. Abu ne da malaman ƙasar nan suka riga suka rubuta, suka aika wa sarakuna, kimanin shekaru ɗari biyu da suka wuce.

To, a zamaninmu, da motoci suka yi yawa, titin ya yi wa jama'a kaɗan, haɗurra suka yawaita, sai Gwamnatin Tarayya ta yanke shawarar mayar da shi tagwaye. Aka raba aikin gida biyu. Kashi na farko, wanda ya tashi daga shataletalen Dawanau zuwa iyakar jihar Katsina, kimanin kilomita 74, an ba da kwangilarsa ga kamfanin CCECC na ƙasar Sin a shekarar 2013. Kashi na biyu kuwa, wanda shi ne namu, daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa wajen kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, kimanin kilomita 78, majalisar zartarwa ta amince da shi a 2019 a kan kuɗi sama da naira biliyan 29. Jama'a suka yi murna, suka yi addu'a, kuma sun yi gaskiya da suka yi murna, gama aiki ne na alheri wanda ba mai hankalin da zai ƙi shi. Amma shekara goma ta cika daga ranar da aka ba da kashin farko ba a kai ga ƙarshen hanyar ba, har yaron da aka haifa a shekarar da aka soma maganar ya shiga makaranta, ya iya karatu, alhali kuwa babansa yana nan yana cewa "idan an gama titi".

Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne wannan tsakani, wato zamanin da ke tsakanin ranar da katafila ta fara kankare ƙasa da ranar da rola ta yi dannar ƙarshe a kan kwalta, domin mutane da yawa, har da waɗansu masu ilimi, suna ɗauka cewa jinkirin aikin hanya jira ne kawai, kamar mai jiran mota a tasha, wanda ba ya rasa kome sai lokaci. Lamarin ba haka yake ba. Hanyar da aka buɗe aka bari tana lalacewa kowace rana, tana kuma lalata abin da ke kewaye da ita, kuma sanin dalilin haka yana bukatar mu ɗan leƙa yadda ake gina titi tun daga tushe.

Ka sani, ya kai mai karatu, cewa baƙin nan da kake gani a sama, wanda muke kira kwalta, shi ne mafi ƙarancin kauri a jikin titi, kuma ba shi ne yake ɗauke da nauyin mota ba. A can ƙasa akwai ƙasar wurin ta asali, wadda ake sharewa a daddanne. A kanta ake zuba jar ƙasar nan ta marmara, shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana yayyafa mata ruwa gwargwado, rola tana hawa tana sauka har sai ta ƙanƙame. A kan wannan ake zuba fasasshen dutse. Sannan a fesa ruwan kwalta na share fage domin ya kama fuskar dutsen. Daga ƙarshe a kawo kwaɓin kwalta da tsakuwa da yashi, da zafinsa wanda yakan kai wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, a shimfiɗa, a danne kafin ya huce. Shimfiɗun ƙasa su ne ƙashin titi, su ke rarraba nauyin taya ya bazu kafin ya isa ƙasa mai laushi. Ita kuwa kwalta babban aikinta shi ne na jinka a kan ɗaki, wato hana ruwa shiga. Wannan hikima ta tsare tushen hanya daga ruwa ita ce wani mutumin Sikotilan mai suna McAdam ya yi fice da ita a farkon ƙarni na 19, kuma duk da injunan da aka ƙago bayansa, ba wanda ya rushe ƙa'idarsa har yau.

Yanzu fa ka ƙaddara magini ya tayar da katangar ɗaki na ƙasa, ya kai ta har kan ginshiƙi, sa'an nan ya tattara kayansa ya tafi bai yi rufi ba, damina kuwa ta kawo kai. Kowane ɗan ƙauye ya san abin da zai tarar bayan marka. Haka al'amarin titi yake ba ragi. Idan aka zuba marmara aka danne, ba a rufe ta da kwalta ba kafin ruwan Yuni ya sauka, ruwa zai ratsa ta, ta yi laushi, tayoyin manyan motoci su tona mata kwari biyu, ruwan Agusta ya bi kwarin ya kwashe laushin ƙasar ya bar tsakuwa tsirara. Kafin kaka, aikin da aka kashe miliyoyi a kansa ya koma kamar ba a yi ba, sai an sake kankarewa, an sake zubawa, an sake dannewa. Kuma ba a shimfiɗa kwalta a kan jiƙaƙƙen tushe, don ba za ta kama ba, saboda haka wanda ya bari rani ya wuce shi bai rufe aikinsa ba, ya yi asarar shekara guda cur. Wannan shi ne sirrin da ya sa kwangilar da ta daɗe takan ci kuɗi fiye da wadda aka yi da sauri: ana biyan aiki ɗaya sau biyu, wani lokaci sau uku, daga baitulmalin jama'a.

Akwai kuma maganar nauyi, wadda ta cancanci a yi mata bayani domin abin mamaki ce. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyin Amurka sun gina hanyoyin gwaji a jihar Ilinoi, suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi dabam-dabam dare da rana, suna auna lalacewarsu, abin da suka gano kuwa shi ne ɓarnar da mota ke yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta, tana tsere masa nesa ƙwarai. Idan nauyin da ke kan aksul guda, wato ƙarfen nan da ya haɗa tayar dama da ta hagu, ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. A bisa wannan lissafi, aksul ɗin tirela mai ɗauke da tan 10 yana yi wa hanya abin da aksul mai tan 1 zai yi mata in ya wuce sau dubu goma. To, titin Kano zuwa Katsina hanya ce ta tireloli masu ɗauke da siminti da taki da hatsin Dawanau, da tankokin mai, da motocin shanu, waɗansunsu har Jibiya da Maraɗi za su, kuma tun da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya daina ɗaukar kaso mai tsoka na kayan ƙasar nan, kusan dukan nauyin ya dawo kan kwalta. Idan titin da aka gama aka rufe yana jin jiki da irin wannan lodi, ina ga wanda aka bari a buɗe?

Wannan ke nan game da hanyar kanta. Amma zuciyata ta fi karkata ga mutanen da ke bakinta, waɗanda ba su sa hannu a takardar kwangila ba, ba a kuma shawarce su ranar da aka tsayar da aiki ba, amma su ne ke biyan farashin jinkirin kowace safiya.

Da rani ƙura ce azabarsu. Duk wanda ya taɓa zama a bakin hanyar da aka kankare ya san jar ƙurar nan da kan tashi bayan kowace babbar mota, ta yi sama kamar hadari, ta daɗe ba ta kwanta ba, ta sauka a kan tsire da ƙosai da garin da aka baza a faranti, ta shiga ɗinkin tela, ta rina farar rigar liman, ta bi ta taga ta kwanta a kan gadon amarya da allon almajiri. Mai abinci yakan rufe kayansa da leda, amma mai saye, wanda idonsa ya riga ya ga ƙurar, sai ya wuce gaba. Mai tireda yakan sayi ruwa a wurin 'yan garuwa ya yayyafa a ƙofar shagonsa safe da yamma, kuɗin da ba ya cikin lissafin ribarsa, kafin azahar kuwa rana ta shanye shi. Wannan duk a fili yake. Abin da ba a gani shi ya fi tsanani, domin likitoci sun tabbatar cewa a cikin ƙura akwai ƙwayoyi ƙanana, waɗansu ba su wuce kashi ɗaya cikin bakwai na kaurin gashin kai ba, waɗansu ma kashi ɗaya cikin talatin, waɗanda gashin hanci ba ya iya tare su, sai su zarce cikin huhu, su tayar da tari da asma da ciwon ƙirji, musamman ga jarirai da tsofaffi. Ga shi kuwa lokacin da ƙurar titi ta fi tashi shi ne lokacin hunturu, sa'ad da iska ta riga ta cika da hazon Sahara, maƙogwaro ya bushe, cututtukan numfashi da sanƙarau suka fi yawo. Direban da ya wuce ya shaƙi ƙurar minti biyu. Matar da gidanta ke bakin hanya tana shaƙarta wata bakwai.

Da damina kuma sai wahalar ta sake kama. Gina titi yakan ɗaga bisansa sama da yadda yake a da, idan kuwa aka ɗaga shi ba a gama lambatu da kwalbatocin da za su janye ruwa ba, titin ya zama madatsa, ruwan da ya saba bin hanyarsa tun kaka da kakanni sai ya nemi wata, wadda sau da yawa ita ce zauren wani bawan Allah ko gindin katangarsa ta ƙasa. Ramukan da aka haƙa don ɗibar marmara sukan cika su zama kududdufai, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru, iyaye kuma su kasa sakin jiki saboda yara masu son wanka a ruwan da ba su san zurfinsa ba. Ɗan acaɓa yana biyan nasa kason wajen bakanike, direban haya yana biyan nasa a taya da sifirin, sa'an nan dukansu su ɗora a kan kuɗin mota, ya dawo kan manomin Dudunni da buhunsa. Mace mai naƙuda kuwa, wadda aka ɗauko cikin dare za a kai asibiti, ita ce ke jin kowane rami a jikinta, kuma kowane minti da aka ƙara a hanya yana da nauyin da ba a auna shi da naira.

Akwai wata cutar da ba a cika ambatonta ba, alhali tana cin mutane a ɓoye, ita ce ta masu gidaje da shagunan da aikin faɗaɗa hanya ya biyo ta kansu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba hukuma ikon karɓar fili domin maslahar jama'a, ta kuma wajabta biyan diyyar gini da shuka. Amma daga ranar da aka shafa wa bango jan fenti zuwa ranar da aka biya diyya aka rushe, mai gidan yana zaune ne a tsakanin sama da ƙasa: ba zai yi yaɓe ba don ya san rushewa za a yi, ba zai sayar ba don ba mai saye, ba zai tashi ba don ba shi da abin gina wani, kuma idan kuɗin ya zo bayan shekaru, ƙimar da aka yi masa a da ba za ta sayi rabin simintin da za ta saya a lokacin ba. Magada sukan gāji irin wannan gida da jan fentinsa.

Kada a ce mutanen nan sun naɗe hannu. Na ga yadda matasa kan fito aikin gayya su cike ramuka da ƙasa da ɓaraguzan gini, na ga yadda masu shaguna kan haɗa kuɗi su ɗauki mai yayyafa ruwa, da yadda unguwa kan jera duwatsu ko ta tayar da tudun ƙasa domin tilasta wa direbobi rage gudu a kusa da makaranta ko masallaci. Niyyarsu kyakkyawa ce, kuma shari'a ta lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin sadaka, har ma a cikin rassan imani. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya, cewa ƙasar da aka zuba a rami ba a danne ba ruwan farko ke tafiya da ita, tudun da aka tayar ba alama kuwa yakan kayar da mai babur cikin dare. Mafi hatsari duka shi ne wurin da aka gama hannu ɗaya aka bar ɗaya, motoci masu zuwa da masu komowa suka haɗu a kan sabuwar kwalta mai santsin gudu, ba layi, ba allo, ba fitila. A irin wannan wuri ne ake yin karon gaba da gaba, wanda ba kasafai ake fita daga cikinsa da rai ba.

Me ke kawo jinkirin? Jama'a sukan taƙaita amsar a kan ɗan kwangila, ko su ce an cinye kuɗin, amma wanda ya yi insafi zai ga igiyar tana da tufka da yawa. Babbar tufka ita ce yadda ake ba da kwangiloli fiye da abin da baitulmali zai iya ɗauka, sa'an nan a riƙa yafa wa kowace hanya ɗan abin da ya samu a kasafin kowace shekara, wanda sau da yawa bai kai ushurin abin da take bukata ba, shi ɗin ma ba lalle a sake shi duka ba. Ɗan kwangila yakan yi aiki, injiniyan hukuma ya auna ya ba shi takardar shaida, sa'an nan ya zauna jiran biya. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ta ɗauki biyan da ya haura kwana 60 a matsayin jinkiri, amma idan jiran ya yi tsawo sai ɗan kwangilar ya janye injunansa zuwa inda ake biya. Don rage wannan ne gwamnati ta fito da takardun Sukuk a 2017, ta tara naira biliyan 100 bisa tsarin da ya dace da shari'a, ta raba wa hanyoyi 25 a shiyyoyi shida, kuma inda kuɗin Sukuk ya sauka an ga aiki ya motsa, abin da ke nuna cewa ciwon na rashin tabbataccen kuɗi ne fiye da rashin gwaninta. Sa'an nan ga tashin farashi. Duk da cewa Allah ya ajiye wa Nijeriya ɗanyar kwalta mai yawa a ƙarƙashin ƙasar jihar Ondo, mafi yawan wadda ake shimfiɗawa daga waje ake sayo ta da kuɗin waje, injuna kuwa man dizal suke sha; da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan da ya biyo, duk wata kwangilar da aka ƙulla da farashin 2019 ta zama sai an koma teburi an sake ƙima, sake ƙima kuwa yana cin watanni.

Na yarda da waɗannan uzurori gwargwadon gaskiyarsu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da su hujjar barin mutane cikin cuta, domin malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa cuta kawar da ita ake yi, kuma wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a shi ke da lamunin abin da ya faɗa ciki. Hukumar da ba ta da kuɗin gama kilomita 78 a bana tana da kuɗin tankar ruwa guda da za ta riƙa jiƙa tsakiyar gari sau biyu a yini. Tana da kuɗin allon gargaɗi da fenti mai ƙyalli a inda hanya ta karkata. Tana da ikon umartar kada a kankare wani sabon wuri sai an rufe wanda aka buɗe, kuma a fara da cikin garuruwa, inda mutane suke, kafin dajin da ba kowa. A gama lambatu kafin a ɗaga titi. A cike ramin marmara ko a kewaye shi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a aikin hanya ma'anar wannan ita ce kilomita biyar da aka rufe da kwalta sun fi kilomita talatin da aka kankare aka bar wa damina. A da, a garuruwan Musulunci, akwai muhtasibi wanda aikinsa ne ya zaga kasuwa da tituna ya hana duk abin da zai ƙuntata wa masu wucewa. Sunan muƙamin ya canja, amma amanar tana nan a wuyan wanda ke riƙe da ita.

Su kuma jama'a akwai abin da ya kamata su sani, domin kuka a ƙofar da ba ta dace ba ɓata hawaye ne. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne. Babban titin Kano zuwa Katsina na Gwamnatin Tarayya ne, gininsa yana hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, wadda ke da kwanturola a kowace jiha, facinsa kuwa yana hannun hukumar FERMA da aka kafa a 2002. Hanyoyin da ke haɗa garuruwan cikin jiha na gwamnatin jiha ne, ƙananan da ke shiga ƙauyuka kuwa galibi suna wuyan ƙaramar hukuma. Wanda ya tsare shugaban ƙaramar hukumar Kusada ko ta Kankiya a kan babban titi ya tambayi wanda ba shi da amsa, ko da yake yana da bakin isar da saƙo. Wanda kuma ya jira Abuja ta gyara masa hanyar shiga ƙauyensa zai daɗe yana jira. Kankiya da Kusada da Ingawa suna da wakili guda a Majalisar Wakilai, inda ake tsara kasafin da hanyar ke ci daga cikinsa. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya takarda ya tambayi nawa aka ware, nawa aka saki, yaushe ne wa'adi, ta kuma ɗora wa ma'aikatar ba da amsa cikin kwana 7. Takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun masu unguwanni da dagatai da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, wadda ta bi ta hannun hakimi, ta ambaci wuri da rana da irin cutar da aka samu, ta fi zagin shekara guda a majalisar bakin titi.

Saboda haka nake kira ga iyayenmu hakimai da dagatai na ƙasar Kankiya da Kusada, da malamanmu masu hawa mumbari, da 'ya'yanmu da suka yi karatun injiniya da na lauya suna zaune a Katsina da Kano da Abuja, su haɗa kai su rubuta wannan takarda tun rani bai ƙare ba, su nemi a gaya wa jama'a ranar da za a rufe duk inda aka buɗe, su kuma nemi tankar ruwa da allon gargaɗi da lambatu kafin wannan rana ta zo. Ga masu riƙe da amanar aikin kuwa, roƙona shi ne kafin su sa hannu a kan wani sabon wa'adi, su zo su yini guda a bakin titin Kankiya, daga hantsi zuwa magariba, tare da masu sayar da abinci a wurin.